Yayar Maigida Ta Karɓi Saƙata Ba Ta Biya Ba, In Bar Sana'ar?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, da 'ya'ya biyu ƙanana. Na iya saƙar kwarashi tun ina gidanmu, daga baya na koyi saƙa 'yan ƙwallayen ado da duwatsu, irin waɗanda ake ratayawa a labule ko madubin mota ko jikin makulli. Da bikin 'yar yayar maigidana ya matso, sai Yaya ta ce in yi mata guda 60 za ta raba wa ƙawayenta. Ta ce, "Ki yi kawai, ma yi magana bayan biki." Na kwashi adashena na sayi zare da duwatsu, na yi ta saƙa har cikin dare da fitilar waya. Yau wata huɗu ke nan ko sisi ba ta ba ni ba. Abin da ya fi ƙona min rai, na ji a bakin wata wai tana cewa wasu sun lotse, wasu kuma sun koɗe. Maigida ya ce in bar maganar, in kuma bar saƙar tunda ba ta kawo komai sai ciwon ido. Ni kuwa ina son sana'ar nan. In bari ne? In ban bari ba, ta yaya zan nemi haƙƙina ban ɓata zumunci ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki bari. Wannan na fara faɗa miki domin hankalinki ya kwanta ki iya sauraron sauran, don a cikin sauran akwai abin da ba lalle ya yi miki daɗi ba.

Magana biyu ce ta haɗe miki wuri ɗaya, shi ya sa ta yi nauyi. Akwai maganar kuɗinki da ke hannun Yaya, akwai kuma maganar ingancin aikin. Ita ta riƙe ta biyun tana fakewa da ita don kada a taso da ta farkon, ke kuma zafin ta farkon ya hana ki duba ta biyun. Ina so ki raba su. Kuma ta biyun nake so mu fara da ita, domin ita ce ke hannunki gaba ɗaya, ba ki buƙatar yardar kowa kafin ki gyara ta.

Da aka ce miki wasu sun lotse wasu sun koɗe, na san abin ya soke ki, musamman da ya biyo ta bakin wata maimakon a kira ki a faɗa miki. Amma ni ban ɗauka sharri aka yi miki ba. Waɗannan matsaloli biyu su ne suka fi samun duk wadda ta shiga wannan saƙa, kuma kowace tana da sanannen dalili. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Lotsewa daga ciki take farawa. Idan audugar filo kika cusa, ko audugar rimi, ko tsummokara, to duk yadda kika danna ta sai ta kwanta, balle abin da zai shiga jaka ya fita, a zauna a kansa, yara su matsa. Duwatsu na da nauyi, su ma suna jan saƙar ƙasa. Ƙwallon da za a riƙa taɓawa kullum yana son abu mai tauri a cikinsa: dutsen katako mai huda, ko ƙwallon roba mara nauyi. Ƙwallon da ake buga wasan tanis na tebur da shi faɗinsa milimita 40 ne, ya dace da na labule. Ga ƙanana kuwa, ƙwallon nan da ke bakin kwalbar turaren hammata mai murzawa, idan ta ƙare aka ciro shi aka wanke, yana yin aiki sosai, kuma kyauta za ki tara shi a wajen maƙwabta. In dole sai auduga, ki bar ta ga wanda za a rataye a bango ba mai taɓa shi, ki kuma cusa ta har sai kin ji ƙwallon ya ƙi matsuwa a hannu.

Sai zare. Da yawanmu da ulu muka koyi kwarashi, muna yin hular jarirai da safa, shi ya sa hannu ke fara kaiwa gare shi. Ulu na roba yana miƙewa, yana kuma tashin gashi ya rufe ƙyallin dutse. Wannan aikin zaren auduga mai santsi yake so, irin mai lamba 10, ko zaren nailan mai ƙarfi irin na masu ɗinkin jaka, da kwarashin ƙarfe siriri, kamar mai milimita 1.5. Ki saƙa da ɗan tsauri fiye da yadda kika saba. Idan kika ɗaga aikin a rana kika ga haske na ratsa tsakanin ƙulli da ƙulli, to ya yi sako-sako, ki koma ƙaramin kwarashi.

Sannan ƙirga. Ƙwallo ba ya zama zagayayye da ƙiyasin ido. Tsarin da aka fi bi shi ne a fara da ƙulli 6 a cikin ɗan zoben zare, kowane zagaye a ƙara 6: ya zama 12, ya zama 18, ya zama 24. A nan sai a tsaya da ƙari, a yi kamar zagaye huɗu a kan 24 ɗin, sannan a fara ragi da 6-6: 18, 12, 6, a tsuke baki. Abin da za a saka a ciki kuwa a saka shi tun bakin bai ƙuntata ba, wato da an fara ragi. In ƙwallon cikin ya fi haka girma, ki ci gaba da ƙarin zuwa 30 ko 36, kina gwadawa a jikinsa. Ki riƙa saƙala ɗan zare mai wani launi a farkon kowane zagaye, domin saƙar juyawa take yi ba tsayawa, kuma da yaro ya kira ki kin ɗaga kai lissafi ya ɓace. Yawancin ƙwallayen da ke fitowa kamar ƙwai ko masu ƙusumbi, ƙulli ɗaya ko biyu ne suka salwanta a hanya ba a lura ba.

Abubuwa biyu da na tabbata kin riga kin gano da hannunki, amma zan faɗa saboda masu karatu da ke son farawa. Duwatsun duka ana zura su a zare ne kafin a ɗauki kwarashi, kuma wanda aka zura a ƙarshe shi ne na farko da za a saƙa, don haka mai son zane sai ta jera launukanta daga ƙarshe zuwa farko. Na biyu, dutse a bayan saƙa yake zama, ba a fuskar da ke kallonki ba, saboda haka bayan nan shi ne zai zama wajen ƙwallon. In bakin zare ya ƙi shiga ramin dutse, ki shafa masa ɗan jan farce ko gam ki bari ya bushe, zai miƙe ya shige ba allura.

Koɗewa kuma ba laifin hannunki ba ne, laifin sayayya ne. Ba duk dutse mai kyau a leda ne launinsa ke cikin jikinsa ba. Akwai wanda aka narka gilashinsa da launin, wannan ko shekara nawa ya yi yana nan. Akwai kuma wanda fari ne aka rina bayansa ko aka shafa masa ruwan zinare ko na azurfa, kuma sau da yawa masu ruwan hoda mai haske da shunayya suna cikin wannan rukuni. Irin wannan gumin hannu na cinye shi, turare na cinye shi, ranar Katsina kuwa idan ta same shi a madubin mota a watan Afrilu ba ya daɗewa. Ki tuna kuma inda kayanki ke zuwa: ɗakin amarya, inda turaren wuta ba ya yankewa, ga fesa turare safe da yamma. Kafin ki sayi mai yawa, ki sayi kaɗan ki gwada. Ki jiƙa wasu a ruwan omo ki goga a farin ƙyalle, ki ajiye wasu a taga su sha rana mako guda ki kwatanta da na cikin leda, ki fasa guda ɗaya ki duba cikinsa. In ciki fari ne baya ja, kin san abin da kika saya.

Lambar da ke jikin ledar ma tana da amfani. Ƙananan duwatsun nan, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar dutse: mai lamba 6/0 ya kusa milimita 4, mai 8/0 kamar milimita 3, mai 11/0 kamar milimita 2. Mai 8/0 shi ya fi tafiya da zare mai lamba 10. Na ƙasar Japan, irin su Miyuki da Toho, da na Jamhuriyar Cek, girmansu ya fi daidaita, amma da tsada. Masu araha da suka cika kasuwanninmu za ki tarar wani ya fi wani kauri, wani raminsa a toshe. Ba na ce sai kin sayi mai tsada ba. Ki zuba su a faranti ki tsince marasa kyau kafin ki zura, kuma wannan asarar ki sa ta a lissafi.

Tunda an zo lissafi, bari mu yi shi a fili. A wancan tsarin da na kawo, in kowane ƙulli zai ɗauki dutse, ƙaramin ƙwallo guda yana cin dutse 192. Guda 60 ke nan sun ci dutse 11,520, kowanne kin zura shi da hannu, kin kuma saƙa shi da hannu. Ina so ki riƙe wannan adadi, ko naki ya ɗan bambanta, domin wanda bai taɓa riƙe kwarashi ba yana ganin ɗan abu ne da ake yi ana hira. Ba mugunta ce ke sa mutane raina aikin hannu ba a ko da yaushe. Sau da yawa ba su san abin da ya ci ba, mu kuma kunya ta hana mu faɗa.

Yanzu maganar Yaya. A ganina, kuɗin da kika kashe na zare da duwatsu haƙƙinki ne babu ja, domin ita ta sa ki aikin, kuma da bakinta ta ce za a yi magana. Wanda ya ce "ma yi magana" ya san ba kyauta ba ce. Ladan hannunki shi ma haƙƙi ne, sai dai tunda ba ku yanke farashi ba tun farko, ba za ki je da adadin da kika yanke ke kaɗai ki ce dole shi za a biya ba. Wannan sai an zauna an daidaita. Waɗanda suka lotse kuwa, ki yarda da su, ki ce za ki gyara ko ki cire ladansu. Yin haka ba faɗuwa ba ce. Da kin yi shi kin ɗauke mata abin da take fakewa da shi.

Ki je da ƙafarki. Kada ki tura saƙon murya ta WhatsApp, domin saƙo ana tura shi gaba, a saurare shi a inda ba ki nan, a fassara shi yadda aka ga dama. Kada kuma ki aika wadda ta kawo miki maganar, ita ma ki daina tattauna batun da ita. Ki zaɓi lokacin da gidan ba baƙi, ki tafi da ɗan abin hannu kamar yadda aka saba, da sabon ƙwallo guda biyu da kika yi da gyaran da muka faɗa. Bayan gaisuwa ki ce mata wani abu kamar haka: "Yaya, na ji wasu daga cikin kayan nan sun lotse, ban ji daɗi ba, kuma na gano dalili. Ga irin wanda nake yi yanzu. Duk wanda ya lalace a karɓo min in gyara. Sannan Yaya, kuɗin adashena na zuba a kayan, ga abin da na kashe na rubuta. Ina so in juya jarin, ko kaɗan-kaɗan ne a riƙa ba ni." Daga nan ki yi shiru ki bar ta ta yi magana. Kada ki cike shirun da "ai ba komai" ko "in babu a bari", domin wannan kalmar ce ke cinye haƙƙin mata da yawa a gidajen aurensu.

Ki tafi da kyakkyawan zato. Wadda ta aurar da 'ya wata huɗu da suka wuce, ta yi kayan ɗaki ta yi gara, mai yiwuwa bashi ya yi mata katutu, kuma naki ta sa shi a ƙarshen layi saboda ke ta gida ce. In haka ne, Alƙur'ani a aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ya yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ki yanka mata shi gida uku ko huɗu, ku sa lokaci. In kuwa tana da shi take ja, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Ba na ce ki je ki karanta mata ba. Ke nake so ki sani, domin ki daina jin kamar kin yi rashin kunya don kin nemi abinki.

Kafin ki je, ki sanar da maigida. Ba wai ki tura shi ya karɓo miki ba, domin sa namiji tsakanin matarsa da yayarsa a kan kuɗi abu ne da ke barin tabo. Ki gaya masa dai za ki je, ga abin da za ki faɗa, don kada ya ji daga wani wuri. Da ya ce ki bar maganar, ina jin tsoron rigima ne ya sa, ba rashin ganin haƙƙinki ba. In ya ji kalmomin da kika shirya ya ga babu tsiwa a ciki, zai fi sakin jiki. Idan kin je sau ɗaya, kin tuna sau ɗaya bayan lokacin da kuka sa, ba a motsa ba, to sai ki zauna da shi ku duba ko a sa babba a gidan, ko ki yafe. In za ki yafe, ki yafe da zuciya ɗaya saboda Allah, ki rufe babin. Abin da ba na so shi ne ki ce kin bari a baki, ki riƙe a ciki shekara da shekaru, kina gaishe ta fuska a ɗaure.

Maganarsa ta ido kuwa gaskiya ya faɗa, ki ba shi ita. Zura dutse mai milimita 3 da fitilar waya bayan an ɗauke wuta wahalar da ido ne. Ki mayar da saƙarki ta hantsi ko bayan la'asar, a inuwa mai haske. Likitocin ido na ba da shawarar duk bayan minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. In ciwon kai ko dishi-dishi ya ci gaba, ki je a auna idon, wataƙila tabarau ne kawai kike buƙata. Kuma kada ki sake karɓar aikin da sai kin hana idonki barci za ki gama shi. Wadda ta zo da guda 60 saura mako biyu biki, ki gaya mata adadin da za ki iya, ta ɗauka ko ta bari.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ba zan iya wucewa ba, tunda kin ce yaranki ƙanana ne. Duwatsun nan yara na sa su a baki da hanci da kunne. Ki samu roba mai murfi, ki riƙa aiki a kan faranti ko tire, ki share wurin da kin tashi. In dutse ya shige hancin yaro ko kunnensa, kada a sa tsinke ko ashana a ce za a ciro, tura shi ciki ake yi, a kai shi asibiti. Kuma duk mai saye ki gaya mata wannan kayan ado ne, ba abin wasan yaron da bai kai shekara 3 ba, kada a rataya wa jariri a gado ko a wuya.

Game da nan gaba, tun ran gini tun ran zane. Kafin ki ɗauki kwarashi a kan aikin kowa, ki yanke a ranki: wannan kyauta ce ko ciniki? In kyauta ce, ki yi daidai ƙarfinki, guda biyu ko uku masu kyau ki kai a matsayin gudummawarki, kowa ya san kin yi. In ciniki ne, a faɗi farashi, a faɗi adadi, a faɗi rana, a ba da kafin alƙalami wanda aƙalla zai sayi kayan aiki, ki rubuta a littafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware dangi ba. Mai kitso a unguwarku ba wanda ke tashi daga gabanta ya ce ma yi magana bayan biki, ko da 'yar uwa ce, kuma ba wanda ya ce ta yanke zumunci. Ke ma haka za a saba da ke, in kin fara. Dangi za ki iya yi musu ragi, amma ki faɗi farashin gaskiya tukuna sannan ki ce kin rage musu kaza, domin su san abin da aka yi musu.

Wajen sa farashi, ki ɗora agogo ki ga tsawon lokacin da ƙwallo ɗaya ke ci tun daga tsintar duwatsu har tsuke baki. Ki haɗa kuɗin zare, duwatsu, abin ciki, zoben makulli, leda, da kuɗin mota zuwa kasuwa, sannan ki ɗora ladan lokacinki. In kin ga farashin ya fi abin da mutane za su iya, kada ki rage ladanki, ki rage aikin: dutse a kowane ƙulli na biyu maimakon kowane ƙulli, ko dutse mai lamba 6/0 da zare mai ɗan kauri wanda ke cika wuri da sauri. Sayen kaɗan-kaɗan a Babbar Kasuwa ma yana cinye riba. In kun haɗu ku uku ko huɗu masu aikin duwatsu, ku haɗa kuɗi a saro muku daga Kano, Kurmi ko Sabon Gari, ku raba.

Kuma ki fitar da kayanki daga cikin dangi. Ɗalibai mata a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman suna son abin rataya a jaka da makulli. Masu ɗinkin labule da masu jeren amare suna buƙatar maɗaurin labule da ya dace da launin ɗaki, kuma su ciniki suka sani, ba za su ce miki ma yi magana ba. Ki kai musu samfuri. Gab da Sallah, da lokacin Sallar Gani in kina da wadda za ta riƙe miki a Daura, ki tanadi ƙanana masu sauƙin kuɗi. Hoto kuma ki ɗauka da rana a kan farin ƙyalle, ki rubuta farashi a ƙasansa, domin duk wadda ta gani ta san na sayarwa ne tun kafin ta tambaya.

Littafin nan da za ki fara rubutawa, bayan wata uku ki buɗe shi gaban maigida, ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita. In an ci riba, maganar barin saƙa ta mutu da kanta. In ba a ci ba, ki sake rubuto min da lissafin, mu duba inda kuɗin ke zurarewa. Allah ya sa albarka a hannunki, ya daidaita tsakaninki da Yaya.